Maryamu Lyon, Malamar Malamai Mata

A wannan wata mun kawo wa masu karatunmu labarin wata mace wadda ba ta hau gadon sarauta ba, ba ta tara dukiya ba, ba ta kuwa yi aure ba. Aikinta koyarwa ne, tun tana da shekara 17 har ran da ta mutu. Sunanta Maryamu Lyon, mutuniyar ƙasar Amurka. A zamaninta mutane suna gardama a kan abu biyu. Na fari, ko ya dace mace ta fita daga gida ta kama aiki. Na biyu, in ta kama aikin, wane irin nauyi ya kamata a ɗora mata, nawa ne kuma hakkinta. Maryamu ta amsa tambaya ta fari da kyau ƙwarai. Ta biyun kuwa ta bar mana ita, kamar yadda za mu gani.

Yarinyar Kan Tudu

An haife ta ran 28 ga Fabrairu, shekara ta 1797, a wata gona ta kan tudu kusa da ƙauyen Buckland, cikin jihar Massachusetts. Ƙasar duwatsu ce, mai sanyi ƙwarai, noma a can sai da wahala. Ubanta ya rasu a shekara ta 1802, sa'anda ta ke da shekara 5, ya bar uwarta da 'ya'ya bakwai. Uwar, Jemima, mace ce mai himma da tsoron Allah. Ita ta riƙe gonar, ta koya wa 'ya'yanta kaɗi, da saƙa, da rini, da ɗinki, da toya burodi, da yin sabulu da kyandir, gama a wannan zamani kusan dukan abin da iyali za su ci ko su sa a jiki a cikin gida a ke yinsa.

Maryamu ta fara zuwa makarantar ƙauye tun tana ƙarama, amma karatun ba ya ɗorewa. Wani lokaci sai ta zauna a gidan dangi ko na maƙwabta kusa da makaranta, tana yi musu aikin gida a bakin abinci da wurin kwana. Sa'anda ta kai shekara 13 uwarta ta sāke aure ta koma wani gari. Maryamu ta zauna a gonar tana riƙe wa wanta Haruna gida, shi kuwa yana biyanta dala ɗaya kowane mako. Wannan ne kuɗin farko da ta samu da gumin kanta, ta kuwa yi ta ajiye shi domin karatu.

Sent 75 a Mako

A shekara ta 1814 aka kira ta ta koyar da yara a Shelburne Falls. Ya kamata mu bayyana yadda makarantun ƙauye su ke a can a wannan lokaci. A kan buɗe makaranta sau biyu a shekara. Da sanyi, sa'anda ba aikin gona, manyan samari su kan zo, sai a ɗauki namiji ya koyar, domin ana cewa mace ba ta iya tsawata musu. Da zafi kuwa, sa'anda samari su ke gona, sai ƙananan yara da 'yan mata su zo, a nan ne a kan ɗauki mace. Namiji ya kan sami dala 10 ko 12 a wata. Maryamu kuwa aka yanka mata sent 75 a mako. Sent ɗari ke yin dala ɗaya, watau ladanta na wata guda dala 3 ne kawai.

Ba ta da ɗaki na kanta. Al'adar wurin ita ce malami ya riƙa zagaya gidajen iyayen yara, ya yi 'yan kwanaki a wannan gida, sa'an nan ya ɗauki ƙunshinsa ya koma wancan. Malama mace kuwa, in ta dawo daga makaranta da yamma, matar gida ta kan zuba ido ta ga ko za ta kama mata aiki. Ta haka malamar ba ta da hutu, ba ta da sirri, kowane gida yana auna tafiyarta da maganarta da tufafinta.

Kada mu zaci Maryamu ta iya aikin tun daga ranar fari. Ba ta iya ba. Mace ce mai saurin dariya, in yaro ya yi abin ban dariya sai ita ma ta fashe tare da su, aji ya rikice. Har ta taɓa ƙudurta a ranta za ta bar koyarwa gaba ɗaya. Amma maimakon ta bari, sai ta shiga lura da yadda waɗansu malamai su ke yi, tana tambaya, tana gwadawa. Ta gane cewa sanin karatu dabam, iya koyar da shi dabam, dukansu biyu kuwa sai an koya.

Neman Ilmi

Da ta kai shekara 20 ta shiga makarantar Sanderson a garin Ashfield, a shekara ta 1817. Ta biya da ɗan abin da ta tara, ta kuma ba da barguna da mayafan da ta saƙa da hannunta a bakin abinci da ɗaki. 'Yan makarantar sun yi mata dariya da fari, gama tufafinta na ƙauye ne, maganarta da sauri, ba ta san ladabin birni ba. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Malaminsu ya ba ta littafin nahawun Latin ran Jumma'a, yana so ya rage mata gudu domin ta tsere wa sauran. Ran Litinin ta dawo ta biya masa abin da ke ciki. Barcinta kamar sa'a huɗu ne a dare. Da kuɗinta ya ƙare, masu riƙon makarantar suka yarda ta ci gaba kyauta. Wani dattijo na garin, Thomas White, ya ɗauke ta cikin gidansa, 'yarsa Amanda ta zama aminiyarta.

Daga nan ta yi ta juyawa tsakanin koyarwa da koyo. In ta sami kuɗi ta tafi karatu, in ya ƙare ta koma aji. A shekara ta 1821, tana da shekara 24, ta tafi makarantar 'yan mata ta Byfield, wurin wani fasto mai suna Joseph Emerson. Mutanen ƙauye suka yi mamaki, suna ganin mace mai waɗannan shekaru aure ya kamace ta, ba zaman benci ba. Emerson kuwa mutum ne wanda ya ke magana da almajiransa mata kamar masu hankali, yana sa su yi tunani, su yi tambaya, su kawo dalili. A wurinsa ne Maryamu ta tabbata cewa kan mace ba shi da wata kasawa. A can kuma ta sadu da Zilpah Grant, wadda ta zama abokiyar aikinta shekaru da yawa. A shekara ta 1822 ta shaida bangaskiyarta a fili ta shiga ekklesiya. Ta kuma koyi ilmin sinadarai da na duwatsu wurin Edward Hitchcock da Amos Eaton, abin da mata kaɗan ne ƙwarai su ke taɓawa a lokacin.

Tun daga shekara ta 1824 tana aiki wuri biyu. Da zafi tana taimakon Zilpah Grant a makarantar 'yan mata ta Derry cikin jihar New Hampshire. Da sanyi kuwa tana riƙe da tata makarantar a Buckland, wadda ta fara da 'yan mata 25, ta yi ta ƙaruwa har ta kai wajen ɗari. Dattawan ƙauyuka suka fara zuwa neman almajiranta su koyar musu da yara. A shekara ta 1828 Zilpah ta koma Ipswich ta buɗe sabuwar makaranta, Maryamu ta bi ta. Sa'anda Zilpah ta yi doguwar rashin lafiya, Maryamu ce ta riƙe makarantar duka.

Abin da Mutane Su Ke Faɗi

A nan ya kamata mu tsaya mu duba tunanin mutanen wannan zamani. An kafa kwalejin Harvard tun shekara ta 1636 domin samari. Shekara ɗari biyu bayan haka, kwalejojin maza suna da gine-gine, da littattafai, da kuɗin da masu arziki suka bar musu, in shugaba ya mutu a naɗa wani, makaranta ta ci gaba. Makarantun 'yan mata kuwa dukiyar mai su ce. In malama ta yi ciwo, ko ta yi aure, ko ta mutu, sai a rufe ƙofa. Masu kyau cikinsu suna da tsada, 'ya'yan attajirai kaɗai ke iya shiga, da yawa kuma abin da a ke koyarwa ciki shi ne zane, da kiɗa, da ɗinkin ado, domin yarinya ta sami miji mai daraja.

Waɗansu suna cewa ƙwaƙwalwar mace ba ta iya ɗaukar lissafi mai zurfi. Waɗansu suna cewa yawan karatu zai raunana jikinta. Waɗansu suna cewa mace mai ilmi za ta raina tukunya da tsintsiya, ba mai aurenta. Matar aure kuwa, bisa ga dokar lokacin, abin da ta samu da aikinta yana hannun mijinta. Har cikin ekklesiya akwai wannan tunani. A shekara ta 1837 taron fastocin Massachusetts ya aika da wasiƙa ga ekklesiyoyi yana gargaɗi a kan matan da su ke tsayawa su yi magana gaban jama'a.

Amma ga wani abu. Ƙasar tana faɗaɗa wajen yamma, ana kafa sababbin garuruwa, yara dubbai ba su da malami. Maza masu ilmi sun fi son ciniki, ko aikin shari'a, ko aikin fasto. Maryamu ta ga cewa in ba a horar da mata ba, ba wanda zai koyar da yaran nan. Ta ƙudurta za ta kafa makarantar mata wadda karatunta zai kusanci na kwalejin maza, wadda 'yar manomi za ta iya biya, wadda kuma ba ta kowa ba ce, tana hannun amintattu, domin kada ta mutu tare da mai kafa ta.

Koriyar Jaka

A shekara ta 1834 ta bar aikinta na Ipswich, aiki mai daraja da albashi, ta fita neman kuɗi. Ta san halin mutanenta. Ta gane in aka ji shawarar daga bakin mace ta fito, da yawa za su ƙi ta tun ba su saurara ba. Saboda haka ta nemi waɗansu fastoci da dattawa su tsaya a gaba, su ne masu magana a taro, ita kuwa tana bin gida gida. Dala dubu ta fari daga hannun mata ta tara ta, a Ipswich da kewaye.

Tana da wata koriyar jaka ta karan-miski inda ta ke zuba abin da aka ba ta. Ta yi ta shiga keken doki na haya, cikin ƙura da cikin dusar ƙanƙara, sau da yawa ita kaɗai, tana yi wa baƙi bayani a hanya. Wannan ya ba mutane haushi. Aka ce ba halin 'yar mutunci ba ne mace ta yi ta yawo tana roƙon maza kuɗi. Har abokanta sun roƙe ta ta zauna a gida ta bar maza su yi. Ta amsa musu cewa ba ta ga laifin da ta yi ba, aikin kuwa babba ne, ba za ta sauka daga kansa ba. Hitchcock, da kyakkyawar niyya, ya ba da shawara a sa wa makarantar wani dogon suna na Helenanci. Jaridu suka kama sunan suka mai da shi abin ba'a, har ya ɓata mata aiki ƙwarai. A ƙarshe aka sa mata sunan wani dutse da ke kusa, watau Mount Holyoke.

Mutanen garin South Hadley suka yi alkawarin dala 8,000 in an gina ta a wurinsu. Hukumar jiha ta ba da takardar izni a watan Fabrairu na 1836, aka sa harsashi ran 3 ga Oktoba na wannan shekara. Sai ga masifa. A shekara ta 1837 ciniki ya faɗi a dukan Amurka, bankuna suka rufe, mutane da yawa da suka yi alkawari suka kāsa cikawa. Ana cikin gini kuma bango ya rushe, aka sāke tayarwa. Maryamu ba ta fasa ba. Da yayyafi kogi kan cika. An tara wajen dala 27,000 daga mutum kamar 1,800 cikin garuruwa 91, wani ya ba da dala dubu, wani sent 6 kawai. Ta rubuta wa ƙungiyoyin mata na ekklesiyoyi, kowace ƙungiya ta ɗauki nauyin kayan ɗaki guda, gado da katifa da bargo. Waɗansu dattawan ekklesiya uku sun tsaya mata da dukiyarsu da ƙarfinsu: Daniel Safford, maƙeri na Boston, da Andrew Porter na Monson, da Joseph Avery, manomi na Conway. Ya kamata a tuna da su, gama sun yarda su bi shawarar mace a lokacin da wannan abin kunya ne ga namiji.

Ranar Buɗewa

Ran 8 ga Nuwamba, 1837, aka buɗe makarantar da 'yan mata 80. Ginin bene ne na jan bulo mai hawa huɗu, ba a ko gama shi ba. 'Yan matan suka iske magina suna aiki, dattawa suna shimfiɗa tabarmi a ƙasa, sai su ma suka ajiye kayansu suka kama. An umarci kowace ta zo da Littafi Mai Tsarki, da littafin taswira, da ƙamus, da cokali biyu. Ba a karɓar yarinya sai ta kai shekara 16, ta kuma ci jarrabawar shiga. Karatun na shekara uku ne: nahawu, da tarihi, da labarin ƙasa, da lissafi mai zurfi, da ilmin tsirai, da na taurari, da na sinadarai, wanda Maryamu da kanta ta ke koyarwa tana gwada musu da hannu. Littattafai da yawa irin waɗanda samari su ke karantawa a kwaleji ne.

Kuɗin makaranta dala 64 ne a shekara, har da abinci da ɗaki, daga baya aka rage shi zuwa 60. Yaya aka yi ya yi araha haka? Ta hanya biyu. Ta fari, ba a ɗauki barori ba. 'Yan makaranta su ke dafuwa, da wanki, da shara, da toya burodi, kowace tana ba da kamar sa'a ɗaya a rana. Ta biyu, albashin malamai ƙanƙane ne. Maryamu da kanta ba ta yarda ta karɓi fiye da dala 200 a shekara ba, tare da abinci da ɗaki, daga cikin wannan ma tana ba da babban rabo domin aikin bishara.

Nauyin Aikin

Bari mu duba ranar aiki a wannan gida. A kan buga ƙararrawar tashi da ƙarfe 5 na asuba, ba a kwanta ba sai bayan ƙarfe 9 na dare. Malamai suna kwana cikin gini ɗaya da 'yan makaranta, suna ci a tebur ɗaya da su. Bayan aji, kowace malama tana da ƙungiyar 'yan mata da ta ke lura da halinsu, da lafiyarsu, da addu'arsu. Ita ce mai duba aikin madafa, ita ce mai jiyyar marar lafiya da dare, ita ce mai ta'azantar da mai kewar gida. Dokokin makarantar suna da yawa, kowace yarinya kuma ita ke faɗin laifinta da bakinta. Waɗansu sun ga tsananin ya yi yawa. Emily Dickinson, wadda daga baya ta zama shahararriyar mai rubuta waƙoƙi, ta yi shekara ɗaya kawai a can, daga 1847 zuwa 1848, ta koma gida.

Maryamu ta fi kowa ɗaukar kaya. Ita ce shugaba, ita ce mai rubuta wasiƙu, ita ce mai lissafin garin alkama da itacen wuta, ita ce mai yi wa makaranta duka jawabi daga Littafi Mai Tsarki. A shekara ta fari burodi ya ƙi yin kyau. Ta san in 'yan mata suka rubuta wa iyayensu cewa abinci ba ya ciwuwa, masu ba'a za su ce ai dā ma sun faɗa. Sai ta ɗauki teburin rubutunta ta kai wurin tanda, tana rubuta wasiƙu tana duban ƙullu, har aka gane inda kuskuren ya ke.

Tun kafin a buɗe makarantar, mata biyu masu sanin aikin sun yi mata gargaɗi. Ɗaya aminiyarta ce Zilpah Grant, ɗaya kuwa Catharine Beecher, wata sananniyar malama. Suka ce in an biya malamai mata kaɗan haka, ba za a daɗe ana samun ƙwararru ba, duniya kuma za ta koyi cewa aikin mace abu ne mai araha. Maryamu ta ga cewa in ta ƙara albashi, dole ta ƙara kuɗin makaranta, 'yar talaka kuwa, irinta a dā, za ta tsaya a waje. Ta kuma ɗauki koyarwa kamar kiran Allah, wanda ba a yinsa domin kuɗi. Mu da mu ke duban al'amarin daga nesa, mun ga kowane gefe yana da gaskiyarsa. Ƙofar da ta buɗe wa 'ya'yan manoma, malamanta ne suka biya kuɗinta da ƙarfin jikinsu, waɗansunsu kuwa lafiyarsu ta karye a cikin aikin.

Ita ma jikinta bai jure ba. Ta sha fama da ciwo cikin shekarunta na baya. A farkon shekara ta 1849 wata 'yar makaranta ta kamu da wata cuta mai kumbura fata da zazzaɓi mai zafi, wadda likitoci su ke kira erisifelas, ta mutu. A yau ana warkar da cutar nan da fenisilin, amma a lokacin ba magani. Tsoro ya kama makaranta. Maryamu, ko da ya ke tana fama da mura da gajiya, ta tashi ta tara 'yan matan ta ƙarfafa zukatansu. Bayan 'yan kwanaki cutar ta bayyana a jikinta. Ta rasu ran 5 ga Maris, 1849, kwana biyar bayan ta cika shekara 52. Aka binne ta cikin filin makarantar. Shekara 12 kaɗai ta yi tana shugabancinta.

Abin da Ya Biyo Baya

Makarantar ba ta mutu tare da ita ba, abin da ta fi so ke nan. Kafin rasuwarta 'yan makaranta sun haura 200. Cikin waɗanda suka gama karatu a zamaninta, wajen huɗu cikin kowane biyar sun yi aikin koyarwa. Yawancinsu kuma sun yi aure, suka riƙe gidajensu, maganar masu cewa ba mai aurensu ta faɗi ƙasa. Ɗaya daga cikin malamanta, Fidelia Fiske, ta tafi ƙasar Farisa a shekara ta 1843 ta riƙe makarantar 'yan mata a Urmiya. An kafa waɗansu makarantu bisa gurbin Mount Holyoke a jihar Ohio da waɗansu wurare. A Afirka ta Kudu, fasto Andrew Murray ya karanta labarin Maryamu Lyon, ya rubuta ya roƙi malamai, aka aiko masa da Abbie Ferguson da Anna Bliss, aka buɗe makarantar Huguenot a garin Wellington a shekara ta 1874. Ginin farko na Mount Holyoke ya ƙone a shekara ta 1896, aka sāke gina waɗansu. Tun shekara ta 1893 ta zama cikakkiyar kwaleji, tana nan har wa yau. Daga cikinta Frances Perkins ta fito, mace ta fari da ta zama minista a gwamnatin Amurka, a shekara ta 1933. Daga cikinta kuma likita Virginia Apgar ta fito, wadda ta tsara hanyar da ungozomai da likitoci su ke auna lafiyar jariri da zarar an haife shi.

Amma gargaɗin Zilpah da Catharine ma ya cika. Kafin shekara ta 1860 malamai mata sun fi maza yawa nesa a makarantun Massachusetts. Dattawan garuruwa sun karɓe su da murna, ba domin sun sāke tunani a kan darajar mace kaɗai ba, amma domin ladan mace bai kai rabin na namiji ba. Tsohon tunani kuma bai mutu da sauri ba. A shekara ta 1873 wani likita na Boston, Edward Clarke, ya buga littafi yana cewa karatu mai zurfi yana lalata lafiyar 'yan mata, mutane da yawa suka gaskata shi. A wurare da yawa na Amurka da Ingila, ran da malama ta yi aure ran nan aikinta ya ƙare. Sai a shekara ta 1944 dokar ilmi ta Ingila ta hana korar malama saboda aure, sai kuma a 1961 albashin malamai mata ya yi daidai da na maza a can.

Abin da Za Mu Koya

'Yan'uwa, labarin nan yana da magana ga kowannenmu. Ga uban da ya ke ganin karatun 'ya mace hasara ne, muna cewa ya tuna da yarinyar kan tudu wadda ta sayi ilmi da bargon da ta saƙa. Ga mijin da ya ke jin kunya domin matarsa tana fita da safe da littattafai a hannu, muna cewa ya tuna da maƙerin Boston wanda ya durƙusa yana shimfiɗa tabarmi a makarantar da mace ta kafa, bai kuwa ragu da kome ba. Mu tuna kuma da Debora mai shari'a, da Lidiya mai ciniki, da Biriskilla wadda ta yi sana'a tare da mijinta ta kuma koyar da Afolos.

Amma akwai magana ta biyu, ita ce mai wuya. Ba ya isa mu yarda mace ta koyar, sa'an nan mu ɗora mata kayan mutum biyu. Malamar da ta yini a tsaye gaban yara hamsin ko fiye, ta koma gida ta hura wuta, ta yi wanka wa 'ya'ya, sa'an nan ta zauna gaban fitila tana duba littattafan aji har dare ya raba, ita ma jiki gare ta. In muna yabon haƙurinta muna kuwa riƙe hakkinta, yabonmu bai amfane ta da kome ba. Maryamu ta zaɓi ƙaramin albashi da kanta, da yardar ranta. Wannan sadaka ce tata. Ba ta ba kowa izni ya tilasta wa wata irin wannan sadaka ba.

Saboda haka bari dattawan da su ke riƙe da makarantu su duba littafin albashi, su ga ko akwai bambanci tsakanin malam da malama masu aiki ɗaya, su kuma biya a kan kari. Bari mazan malamai mata su kama musu aikin gida, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bari iyayen yara su je su gai da malamar 'ya'yansu, su tambaye ta abin da ta ke bukata. Ku kuma 'yan mata da ku ke shirin shiga wannan aiki, kada ku karai in shekarar fari ta yi muku wuya. Maryamu Lyon ma ta kusa bari a shekarunta na fari. Ku nemi ilmi da iyakar ƙarfinku kamar yadda ta nema, amma ku yi barci fiye da yadda ta yi, domin ku daɗe cikin aikin.